Salon Jifa ko Yawan Jifa? Muhawarar Raunin Hannun Yara a Wasan Besbol da Darasinta ga Filayen Kokowar Dogarawa

Gabatarwa

Shekara da shekaru iyaye da masu horarwa a Amurka suna gargaɗin yara ƴan wasan besbol da su guji jifa mai lanƙwasa, wato wanda ake murɗa wuyan hannu domin ƙwallo ta karkace kafin ta isa ga mai bugu. A ganinsu murɗiyar nan ce ke lalata gwiwar hannun yaro. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa an ɗora wa salo laifin da yawanci na yawan jifa ne da rashin hutu, kuma hukuncin ya shafi yaranmu na kokowa da dambe, ko da ba su taɓa ganin ƙwallon besbol ba.

Inda raunin yake

Ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba. A bakin ƙasusuwansa akwai guringuntsi inda tsawo ke fitowa, kuma wurin ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni. Duk jifa mai ƙarfi yana fizgar gefen gwiwar hannu na ciki. Ga yaro guringuntsin ne ke kumbura ko ya tsage. Ga saurayi jijiyar da ke riƙe gaɓar ce ke yagewa. Ita ce likita Frank Jobe ya musanya wa ɗan wasa Tommy John a 1974, aikin da har yau ake kira da sunan ɗan wasan. Jijiyar kamar igiyar guga take: ba ranar da ta tsinke ta fara lalacewa ba.

Abin da bincike ya nuna

Masu zargin salo suna da hujja. A 2002 cibiyar nazarin lafiyar ƴan wasa ta Birmingham a jihar Alabama, inda James Andrews da Glenn Fleisig suke aiki a lokacin, ta bi yara 476 masu shekara 9 zuwa 14 tsawon kakar wasa guda, ta ga jifa mai lanƙwasa yana tafiya da ƙarin ciwon kafaɗa. Sai dai binciken ya kuma nuna cewa ciwo na ƙaruwa gwargwadon yawan jifa.

Da aka auna nauyin da ke sauka a kan gaɓa a 2008, sai aka tarar miƙaƙƙen jifa mai gudu ya fi mai lanƙwasa wahalar da gwiwar hannu. A 2011 cibiyar ta fitar da sakamakon bin yara 481 na shekara 10. Kashi 5 cikin 100 sun ji mummunan rauni. Waɗanda suka haura zango 100 na jifa (wato zagayen wasa) a shekara sun ninka sauran haɗari sau 3 da rabi, kuma ba a iya tabbatar da laifin jifa mai lanƙwasa ba. Tun 2006 wani binciken ya nuna cewa yaron da ya saba jifa hannunsa a gajiye haɗarinsa ya ninku sau 36.

To, me ya sa ake ganin ciwo ga masu lanƙwasa jifa? Yaron da ya iya salon shi ne gwani, gwani kuwa shi ake ta sakawa a wasa har ya ƙare. Saboda haka ne ƙungiyar besbol ta yara mai suna Little League ta kafa dokar ƙidayar jifa a 2007: ɗan shekara 11 ko 12 ba zai wuce jifa 85 a rana ba, kuma dole ya huta kwanaki gwargwadon abin da ya jefa.

Darasi ga filayenmu

Tun 1975 da aka fara gasar takobin kokowa ta ƙasar Nijar a Tawa, burin yaro a Dogarawa, Malbaza, Illela ko Birnin Ƙonni shi ne a kira sunansa a babban fili. Kokowa da besbol ba abu ɗaya ba ne, amma ƙashin yaro ɗaya ne a ko'ina. A dubi ɗan shekara 13 da ya yini yana jidar buhunan albasa a Galmi. Da dare kiɗa ya tashi a dandali, ya kayar da mutum biyu, jama'a na ihu a kawo masa na uku, alhali yana shafa kafaɗa a ɓoye don kada a ce rago ne. Idan ya goce ƙashi, sai a ce kamun ne ya yi muni, ko a ce asiri ne. Ba mai lissafa buhunan. Haka ɗan dambe da ke naɗe hannu guda yana kai naushi da shi kaɗai kaka bayan kaka.

Kammalawa

Koyar da kamu mai kyau wajibi ne, amma bai isa ba. Ya kamata masu shirya wasa su ƙayyade karawa nawa yaro zai yi a dare guda, a haɗa shi da tsaransa a shekaru da nauyi, a sanya aikin gona cikin lissafin gajiyarsa. Yaron da gaɓarsa ta yi kwanaki tana ciwo a kai shi asibiti a ɗauki hoto kafin a ce targaɗe ne kawai. Wanda ya fi kowa buƙatar wannan kariya shi ne gwanin cikinsu, domin shi ne ba a bari ya zauna.