Daga Bindiga Zuwa Harba-ka-ruga: Sunayen Kayan Maharbi

Ranar 1 ga Janairu, a bikin Afan na Kagoro da ke dab da Kafanchan, maharba kan fito da dogayen bindigoginsu, kowa da burgami a rataye. Duk abin da ake ɗura wa bindigar yana cikin wannan jaka, kuma kowanne suna ya sha tafiya kafin ya iso nan.

Mu fara da uwar gayya. Bindiga daga Larabci take, "bunduƙiyya". To su Larabawa fa, ina suka samo ta? Wasu masana sun ce daga "bunduƙ" ne, wani ɗan itace mai ɓawo da aka ara wa ƙwallon harbi sunansa. Wasu kuma sun nuna cewa Bunduƙiyya shi ne sunan birnin Benis na Italiya a bakin Larabawa.

Albarushi kuwa "al-barud" ne. Bahaushe ya haɗiye shi da "al" ɗinsa, yadda ya yi wa alƙalami da albasa. Harsashi daga "rasas", wato dalma: sunan abin da aka narka ya zama sunan abin da aka ƙera. Je ka gabashin Afirka, za ka ji 'yan'uwansu uku a Swahili: bunduki, baruti, risasi.

Tarihi bai saɓa wa harshe ba. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno yana da Turkawa masu bindiga, kuma Tarihin Kano ya ce Babba Zaki (1768–1776) ne sarkin Kano da ya fara ajiye 'yan bindiga. Turawa kuwa da sunan Denmak suke kiran doguwar bindigar maharba, saboda fataken ƙasar da suka yi cinikinta a gaɓar Akara. Ke nan bindiga ɗaya, Bahaushe na kiranta da sunan da ya ƙetaro hamada, Bature da sunan da ya biyo teku.

Amma inda Bahaushe ya raɗa suna da kansa, nan daɗin yake. Dutsen da ke ƙyasta wuta, ƙanƙara. Ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da yatsa ke ja, kunama: a ɗana ta, ta harba.

Sai harba-ka-ruga, sunan doguwar bindigar kanta. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a danna, a sa dalma, a sake dannawa. Idan harbin farko ya kuskure ɓauna, babu lokacin na biyu. Cikin sunayen nan duka, shi kaɗai ne ke koya wa maharbi yadda zai tsira da ransa.