Taransifomar Amfilifaya da Halin Wutar Ƙasar Konni

Yaron shagon gyaran rediyo a Birnin Konni ko Malbaza, idan ya ƙudura haɗa amfilifayarsa ta farko, abin da yake fara tambaya shi ne wat nawa za ta yi. Waɗanda suka daɗe a sana'ar nan kuwa daga wani gefen suke farawa: wace wuta za ta ci, kuma bolt nawa ƙwaƙwalwarta za ta iya ɗauka kafin ta ƙone? Ina ganin su ke da gaskiya, kuma tarihin sana'ar ne ya ba su ita. A wannan yanki wutar da ake da ita ce kullum take yanke irin amfilifayar da za a haɗa, don haka zaɓen taransifoma, ko transfo kamar yadda muke cewa a wannan ɓangaren na iyaka, ba ya farawa daga lambar da aka rubuta a kwali.

Da batir sana'ar ta tashi. An buɗe Radio Niger a 1958, aka mai da sunanta La Voix du Sahel a 1974, kuma rediyon taransista mai cin batir ne ya kai muryarta ƙauyuka. Kaset ɗin da Philips ya fito da shi a 1963 ya biyo baya ta hannun 'yan kasuwar Sakkwato da Kano. An kafa NIGELEC a 1968, amma wayoyinta sun daɗe ba su wuce manyan garuruwa ba, saboda haka a karkara irin ta Alela batirin mota mai bolt 12 shi ne tashar wuta. Ladan da mai tallan magani a kasuwa da maroƙin biki duk da shi suka dogara, masu gyara kuma suka koma ga ƙwaƙwalen rediyon mota, irin su TDA2003 da kuma LA4440 ta kamfanin Sanyo. Bolt 12 a kan sifika mai om 4 ba ya ba da fiye da wat biyar ko shida na sauti mai tsabta, sai an haɗa tashoshi biyu su tura sifika ɗaya ne ake doshi ashirin. Abin da ya sa lasifikar ƙaho ta mamaye hasumiyoyin masallatai ke nan, domin da wat kaɗan take kai murya bayan gari.

Da wutar gari ta yaɗu, gidajen kallo da masu sautin biki suka nemi gangar da za ta girgiza ƙirji, sai aka shiga zamanin 2N3055, da manyan STK na Sanyo, daga baya 2SC5200 da abokinsa 2SA1943 na Toshiba. Waɗannan suna son wuta mai ɓangare biyu, ta sama da ta ƙasa, wato taransifoma mai waya uku a fita, ta tsakiya ita ce sifiri. Sabuwa tana da tsada, sai aka riƙa ciro ta daga kayan gwanjo 'yan Kwatano, ko a sayo a Alaba ta Legas da Sabon Garin Kano, ko a warware wadda ta ƙone a sake naɗa ta. A wannan zamanin aka sha darasi da hayaƙi. Kayan Amurka an yi su ne don bolt 120 da bugu 60 a daƙiƙa, wutarmu kuwa 220 ce da bugu 50, wanda ya jona ba tare da ya duba ba sai ya ji wari. Sannan 220 ɗin ma a takarda take: da magariba takan faɗi, tsakar dare ta haura, janareto kuma yana da nasa halin.

Ga yadda lissafin yake a kan TDA2030, wadda galibin masu koyo suke farawa da ita. Iyakarta bolt 18 sama da 18 ƙasa. Mai koyo yakan ga 18 ɗin nan ya je neman taransifoma 18-0-18, alhali abin da ke fita daga taransifoma, idan ya bi ta dayod ya taru a kwandansa, yana ninkuwa da 1.41. Wato 18 ta zama kusan 25, ƙwaƙwalwar ta tafi tun kafin a ji sauti. Ko 12-0-12 da kowa ya saba da ita tana ba da wajen 16 da ɗoriya, kuma ƙaramar taransifoma takan fi abin da aka rubuta mata idan ba ta ɗauke da kaya. Wutar gari ta ƙaru da kashi goma cikin ɗari kawai, an taɓa 18. Shi ya sa masu hankali suke sa TDA2030A mai jure 22, ko su rage 'yan zagaye a naɗin fita. Bayan bolt sai ƙarfi. Irin wannan amfilifaya kusan rabin abin da ta ci zafi yake zama, don haka tashoshi biyu masu wat 14 kowacce suna bukatar taransifoma mai VA 60, wato bolt 24 da amfiya biyu da rabi. Masu naɗi suna gane wannan daga ƙarfen kansa: a auna faɗin harshen tsakiya da kaurin jerin faranti, idan murabba'in santimita 8 ya fito, 8 sau 8 ya ba da kimanin VA 60, a raba 45, lambar da suka saba aiki da ita, da 8 a sami zagaye biyar da rabi da ɗan kai ga kowane bolt, wato zagaye kusan 1,240 a ɓangaren 220. Wanda ya yi rowar waya ya rage zagayen nan zai ji ƙarfen yana gurnani yana zafi ko ba a kunna waƙa ba.

Wani zai ce ai sai a sayi babba a huta. Idan girman na amfiya ne, babu laifi sai nauyi da kuɗi, kuma a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, ɗan rarar nan yana tsawaita ran naɗi. Idan kuwa girman na bolt ne, to halaka ce. Akwai kuma babbar da ba ta dace ba ko kaɗan, irin ta na'urar ɗumama abinci da matasa suke kwaɗayi saboda arha a wurin 'yan gwangwan. An yi ta don aikin 'yan mintoci da fanka a kanta, naɗin fitarta na asali kuma yana kaiwa bolt dubu biyu, wanda kisa yake yi nan take.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa duk wannan ilmi ya tsufa. Yau ana samun ɗan allo mai TPA3116 na Texas Instruments, wanda yake aiki daga ƙasa da bolt 12 har zuwa 24, ba ya ɓarnar wuta, kuma cajar kwamfuta ta ishe shi. Gaskiya ne, kuma ga mai faifan sola da batir a Alela ko ƙauyukan Illela shi ne zaɓin da ya dace, taransifoma ba ta da aiki a wurinsa sam. Tashar sola mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018, da yanke wutar da Najeriya ta yi wa Nijar a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, duk sun ƙara tura mutane wajen batir. Sai dai wannan bai rushe hujjar ba, komawa ce ga ƙa'idar zamanin LA4440, inda wutar da ke hannu take zaɓen allo. Ga mai jona wa wutar gari ko janareto kuma, cajar zamani mai arha tsalle ɗaya na wuta yake kashe ta, ƙurar hunturu ta cika ta, gyaranta ya fi sayen wata wuya. Taransifomar ƙarfe takan shanye irin wannan tsalle, idan ta ƙone ma akwai mai naɗa ta a gari.

Abin da ya lalace a kasuwar yanzu shi ne rubutun jikin kaya. Ana buga 5A a kan taransifomar da ƙarfenta bai kai na amfiya biyu ba, ana kuma naɗa wayar alminiyam da aka yi wa fentin tagulla. A ɗaga ta a ji nauyi, a kankare bakin wayar da reza: idan fari ya bayyana, alminiyam ce, dalma ba ta kama ta da kyau kuma ta fi saurin zafi. Kafin a haɗa ta da allo, a jona ta ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 60, a auna bolt ɗin fita da mita, a bar ta rabin awa a taɓa. Sannan a sa fis na rabin amfiya a ɓangaren 220, irin mai jinkirin tsinkewa, domin kwandansa takan ja wuta da yawa a lokacin da aka kunna.