Jakunan Schaarbeek da giyar da sukari ya kusa kashewa

Unguwar Schaarbeek da ke cikin birnin Brussels a yau, har gobe ana yi mata laƙabi da garin jakuna. Asalin laƙabin kuwa, a dā ƙauye ce mai gonaki, inda manoma ke ɗora wa jakuna wasu ƙananan 'ya'yan itace jajaye masu tsami, wato ceri, su kai su kasuwar birni. Daga cikin masu sayensu akwai masu dafa giya, kuma da su ne ake yin kriek, giyar Beljiyam mai launin ja.

Tushen kriek wata giya ce mai suna lambic, wadda ake dafawa da sha'ir da alkama a kwarin kogin Senne. Ba a zuba mata yisti. Sai dai a juye ruwan da zafinsa a wani faffaɗan kasko, a bar shi buɗe ya kwana, ƙwayoyin halittar da ke cikin iska su sauka a kansa. Saboda haka sai lokacin sanyi ake yin aikin, don zafi kan lalata shi. Daga nan a ɗura a gangunan katako shekara guda ko fiye, sannan a zuba ceri har da ƙwallonsa. Yistin yakan cinye zaƙin ƙurmus, ya bar tsami da ƙamshi kawai. Wanda ya ga jan launin ya sa ran zaƙi, kurɓin farko kan sa ya yamutsa fuska.

Tsamin nan shi ya zame mata matsala. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu harshen jama'a ya saba da lemon kwalba, sai manyan kamfanoni suka koma haɗa kriek da ruwan 'ya'yan itace da kayan zaƙi, cikin sauri da araha, suna kuma sayar da ita da tsohon sunan. Gidajen gargajiya suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Su ma gonakin Schaarbeek gine-gine suka haɗiye su.

Gidan Cantillon, wanda aka kafa a 1900, ya ƙi bin yayi. A 1978 Jean-Pierre Van Roy ya mai da shi gidan tarihi, ana kallo ana kuma ci gaba da aiki, dabarar da ta taimaka wajen riƙe gidan. A 1997 wasu masu sana'ar suka kafa ƙungiyar HORAL, kuma a ƙarshen shekarun 1990 Tarayyar Turai ta keɓe sunan Oude Kriek, wato tsohuwar kriek, ga wadda aka yi ta hanyar gargajiya. Abin lura shi ne, ta asalin ce aka ƙara wa suna, mai zaƙin ta ci gaba da amsa kriek.

A 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin gadon al'adun duniya. Cerin da ake zubawa a ganguna kuwa, akasarinsa daga ƙasashen waje irin su Poland yake zuwa yanzu.