Tarihin Lemun Meyer: Bishiyar Ado da ta Zo da Cuta a Ɓoye

A watan Maris na shekarar 1908, wani ma'aikacin Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka mai suna Frank Meyer ya ci karo da wata 'yar bishiyar lemo a Fengtai, kusa da birnin Beijing na ƙasar Sin. A cikin tukwane ya tarar da ita, domin Sinawa ado suke yi da ita a tsakar gida saboda ƙamshin furenta da kyan 'ya'yanta. Meyer, wanda aka haifa a Amsterdam a 1875, aikinsa shi ne yawon neman tsirrai masu amfani a nahiyar Asiya, kuma ya aika da iri kusan 2,500 zuwa Amurka. Bai ga abin da lemon ya zama ba, domin a 1918 aka tsinci gawarsa a kogin Yangtze. Daga baya aka raɗa wa bishiyar sunansa.

Lemun Meyer ruwa biyu ne. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa ya samu ne daga haɗuwar sitiron, wani lemo mai kaurin ɓawo, da wani dangin tanjirin. Shi ya sa tsaminsa bai kai na lemun tsami ba, ɓawonsa kuma siriri ne, yana komawa ruwan ƙwai idan ya nuna. Wannan siririn ɓawo ya hana shi shiga babbar kasuwa, saboda ba ya jure doguwar tafiya. Sai ya zama lemon gida, musamman a jihohin Kalifoniya da Florida da Texas. Bishiyar ba ta cika wuce mita biyu zuwa uku ba, tana yin fure fiye da sau ɗaya a shekara, tana kuma jure sanyi fiye da sauran lemun tsami. Bugu da ƙari, reshenta yana kamawa cikin sauƙi idan aka dasa shi. Ta haka ta bazu daga gida zuwa gida, maƙwabci yana yankar wa maƙwabci.

Wannan sauƙin dashe shi ne ya jawo matsala. A shekarun 1930 da 1940 wata cuta ta hallaka miliyoyin itatuwan lemo a Ajantina da Brazil, har manoma suka kira ta tristeza, wato baƙin ciki. Ƙwayar bairos ce ke haddasa ta, tana kuma kashe lemun zaƙin da aka yi wa aure a kan gindin lemo mai ɗaci. Cutar tana lalata hanyar da abinci ke bi a daidai mahaɗar auren, sai saiwa ta mutu da yunwa, ganye ya bushe. Ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye su ne ke ɗaukar ta daga bishiya zuwa bishiya. Daga shekarun 1940 masana suka gano cewa akasarin itatuwan Meyer suna ɗauke da wannan ƙwaya, alhali ba sa nuna alamar ciwo. Bishiyar tana nan kore shar a ƙofar gida, amma barazana ce ga gonakin lemun da dubban iyalai suka dogara da su. Don haka aka tumɓuke da yawa daga cikinsu a Kalifoniya, duk da cewa masu su ba su ga aibinsu ba.

Ceto ya zo a shekarun 1950, lokacin da Don Dillon na gandun renon itatuwa na Four Winds Growers ya samu wata bishiyar da ba ta ɗauke da cutar. Bayan gwaje-gwaje, Jami'ar Kalifoniya ta fitar da tsabtataccen iri a 1975, wanda aka kira ingantaccen Meyer. Daga nan ya sake komawa gidaje, kuma fitattun masu girki irin su Alice Waters da Martha Stewart suka ƙara masa farin jini.

Renonsa a yau bai bambanta sosai da yadda Sinawa suka yi ba. Yana son rana ta sa'o'i shida zuwa takwas, da tukunya mai huji a ƙasa, domin ruwan da ya kwanta yana ruɓar da saiwa. Ba a sake ban ruwa sai saman ƙasar ya bushe. A ƙasashen da ake ƙanƙara ana shigar da shi ɗaki a lokacin hunturu. Sai dai tarihinsa ya ƙara sharaɗi guda a kan waɗannan: a san asalin dashen kafin a kawo shi gida. Wannan ne dalilin da ya sa ƙasashe da dama suke hana shigo da reshen lemo ba tare da gwaji ba, domin koren ganye bai isa shaidar lafiyar bishiya ba.