Labarin Gorunan Awo na Tekun Atilantika

Manomin Dutse ko Kiyawa ko Jahun, in ya ga hadari ya haɗo daga gabas, ya san ruwa na tafe. Amma asalin yawancin ruwan nan daga Tekun Atilantika yake, can kudu da Ikko. Rana takan bugi teku, tururi ya tashi, iskar damina ta kwaso shi ta kawo arewa.

Ƙasar nan ta sha wuyar fari. A 1914 aka yi yunwar da ake kira Ƙaƙalaba. A 1973 da 1984 kuma gero ya bushe a gona, dabbobi suka hallaka. Wannan ya sa masana suka dukufa neman dalili. A 1986 waɗansu masanan Ingila suka nuna cewa zafin ruwan teku da sanyinsa suna da hannu cikin ƙarancin damina a ƙasashen bakin hamada.

To, jirgin ruwa ba ya iya tsayawa wuri guda shekara sukutum yana awo. Saboda haka a 1997 Faransa da Amurka da Burazil suka haɗa kai, suka soma dasa waɗansu manyan goruna cikin tekun, shirin da suka sa wa suna PIRATA. Kowane yana bisa ruwa kamar gorar masunta, an ɗaure shi da doguwar igiya, an nauyaya ƙarshenta da tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa har ƙasan teku. A kansa akwai ma'aunin iska da na ruwan sama da na hasken rana. Jikin igiyar kuwa an jera ma'aunan zafi har zurfin mita 500. Kafin a dasa sai an gwada kowane ma'auni, gama in ya yi ƙarya wahalar shekara ta tafi banza.

Awon nan ya ƙara tabbatar da cewa wajen watan Mayu ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙasan teku, ya yi iyaka da mai ɗumi. A bakin iyakar nan iska takan ƙara ƙarfi, ta taimaka wajen tura damina arewa. Masu hasashen yanayi suna amfani da awon, don manomi ya san lokacin shuka, kada iri ya ƙone a ƙasa.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.