Malamin Daji da Ɗorawar Gona

Tun kafin a buɗe makarantar koyon aikin itatuwa, manomin ƙasar Faskari ya san bishiya. In ya zo sassabe, ba kowane icce yake ɗora wa gatari ba. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka barinsu yake yi tsakiyar gona, ko da inuwarsu za ta rage masa damin dawa, don kalwa da man kaɗe su ke riƙe tukunya idan rumbu ya yi ƙasa. Fulani kuma sun iya sare wa maɗaci rassa da rani su ba shanu ganye, ba tare da sun kashe uwar ba. A bakin gona ɗa ke koyon wannan ilimi wajen ubansa.

Zuwan Turawa ne ya kawo gandun daji, wato dajin da hukuma ta shata ta ce ba noma, ba sara sai da izini. Namu shi ne dajin Kogo. Rugu na arewa da mu, Kamuku ta Birnin Gwari na kudu, Kuyambana na yamma cikin Zamfara. Gandu kuwa sai da mai tsaro, shi ne En'e ta ɗauki malaman daji. Mahaifina ɗaya ne daga cikinsu, kuma yana alfahari da kakinsa har ya bar duniya.

Makarantar gandun daji ta Ibadan ta riga ta Arewa, amma tamu ita ce ta Jos, wadda aka buɗe a 1958. Daga baya aka ƙara ta Afaka kusa da Kaduna, inda ake koyar da aikin daji da injuna. Abin da mahaifina ya koyo ba kaɗan ba ne: awon iyaka, share layin tare gobara kafin hunturu, auna kaurin icce a ƙiyasta katakon da ke cikinsa, da renon iri a leda har ya isa dashe. Na ga yadda yake haɗa ƙasa da yashi da taki, yana murzawa a tafin hannu kafin ya yarda a cika leda ɗaya. Sai dai itatuwan da aka koya masa renonsu kusan duk baƙi ne: turare, malaina, da darbejiya, wadda asalinta ƙasar Indiya ce, aka shigo da ita Barno a 1928. Ɗorawar da ke ciyar da ƙauyensa ba ta da babban gurbi a darasin.

A nan nake ganin tsarin ya karkace. An horar da mutum ya tsare daji daga jama'a, ba a horar da shi ya zauna da manomi su gyara bishiyar gona ba. Shi ya sa a ƙauye, da an hango malamin daji sai a ɓoye gatari, don abin da aka san shi da shi tara ce. Mutumin da ya fi kowa sanin reno a gari, ba wanda ke zuwa neman shawararsa.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun bi wata hanya. A shekarun 1980, bayan fari ya cinye dashen da aka yi ta yi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoman yankin suka koma ga kututturan da ke cikin gonaki. A zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Suka kira shi sassaben zamani, ya kuma farfaɗo da miliyoyin kadada a Nijar. Jarinsa wuƙa ce da sanin inda za a yanka.

Yau dajin da mahaifina ya tsare ba ya shiguwa. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sa Kogo cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10, a watan Disamba na shekarar kuma 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara suka yi daji da su. Gatari kuwa bai huta ba, buhunan gawayi na ta fita zuwa birane.

Saboda haka yaron Faskari ko Sabuwa da ya tafi Jos, ko sashen gandun daji na jami'ar tarayya ta Dutsin-ma, aikinsa na farko yana cikin gari da gona. Darbejiyoyin bakin titi da na makarantu sun tsufa, rassansu na hawa wayar lantarki, masu sara kuma suna yanka su yadda ruwa zai kwanta a kututture ya ruɓar da shi. Masu lambu na neman wanda ya iya auren mangwaro. Ɗorawoyin gonakinmu kuwa yawancinsu tun na kakanni ne, da wuya ka ga ƙarama tana tasowa kusa da su, ga shi ɗorawa na shekaru kafin ta fara ba da kalwa.