Tarihin Gyaran Koyarwa a Jami'o'in Nijeriya

A zamanin Turawa, Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano. Yaron da ya gama elemantare a ƙasashen nan, sai an yi dace ƙwarai ya ci gaba, gama a duk Nijeriya babu jami'a sai cikin 1948, da aka buɗe ta Ibadan a ƙarƙashin Jami'ar Landan.

Da mulkin kai ya matso, cikin 1959, Gwamnati ta naɗa kwamiti ya duba sha'anin ilmi mai zurfi. Shugabansa wani Bature ne, Sir Eric Ashby, cikin wakilai kuwa har da Shettima Kashim Ibrahim na Barno. Suka miƙa rahoto cikin 1960, suka ba da shawara a ƙara jami'o'i, a kuma kafa hukumar da za ta lura da su. Cikin 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, aka kuma kafa Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano kuwa ta zama jami'a cikin 1977.

To, amma gini ba shi ne ilmi ba. Da kuɗin man fetur ya karye bayan 1980, ɗalibai suka yi yawa, littattafai suka yi ƙaranci, albashi ya kasa, malamai da dama suka tafi ƙasashen waje. Saboda haka cikin 1985 aka yi doka, aka ba hukumar nan iko ta yanke ma'aunin da kowane fannin karatu zai cika. Daga nan sai ta riƙa aika masana su zaga jami'o'i, su ƙidaya malamai, su duba takardun shaidarsu da ɗakunan karatu da na gwaji. Fannin da ya gaza, akan hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai sai ya gyara.

Saura kuɗi. Bayan yajin aikin malaman jami'a na 1992, aka kafa asusun ilmi cikin 1993, aka ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Cikin 2011 aka mai da shi TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantu. Da kuɗin nan aka yi gine-gine, aka kuma tura malamai ƙaro ilmi gida da waje.

A shekaran nan ta 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutse. Cikin 2013 kuma Gwamna Sule Lamido, mutumin Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, ya kafa ta Jihar Jigawa a Kafin Hausa.

Kada talaka ya ce wannan magana ta manya ce. Malamin jami'a shi ke koyar da wanda zai zo ya koyar a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, da likitan da zai duba marasa lafiya a asibitin garin. Wanda ya fito kwalejin kuwa, watakila shi zai riƙe alli a firamare ta Gwaram. Idan ruwa ya gurɓace daga mafari, na gangare ba ya shan mai kyau. Don haka ya kamata uban da zai kai ɗansa jami'a ya fara tambaya ko hukuma ta amince da fannin da yaron zai karanta, tun bai sayar da hatsinsa ya biya kuɗin makaranta ba.